An buɗe wa mata majalisa, mangaza na nan a kulle

Ranar 13 ga watan Mayu na shekarar 1991, dubban mata suka cika titunan Yamai, suka nufi ofishin firaminista, saboda kwamitin da aka naɗa don shirya Babban Taron Ƙasa mace ɗaya tak ke cikinsa. Ba su watse a banza ba, domin an ƙara musu kujeru biyar, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar. Shekara tara bayan haka, a watan Yuni na 2000, aka kafa dokar da ta keɓe wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. Majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya gare ta cikin mutum 83. Wadda aka zaɓa a 2004 tana da mata 14 cikin 113. A 2019 aka ɗaga kason zuwa 25 da 30. Ko da yake juyin mulkin Yulin 2023 ya rushe majalisar, abin da aka gani a waɗannan shekaru ya isa shaida cewa idan an buɗe ƙofa, akwai matan da za su shiga.

Sai dai ba a taɓa yin irin wannan zanga-zanga a ƙofar banki ko a bakin mangaza ba, kuma can ne aka fi tsare hanya. Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya tsaya a Galmi lokacin kakar albasa, zai ga abu guda. Mai auna gero da tiya mace ce, haka mai man gyaɗa a kwalba, da mai ƙuli-ƙuli, da mai fura, da mai kasa tumatur. Amma wanda ke riƙe da makullin mangaza, wanda ake sauke wa tirela, wanda ke da lambar wayar jami'in duwan a Ɗan Isa ko a Gaya, kusan ko yaushe namiji ne. Wahalar kasuwa tana kan mata, ribar sari kuwa tana aljihun maza.

Masu son kawar da maganar kan ce ai kasuwa ba ta san gata ba, kowa guminsa ya ci. Tarihin alhazan Maraɗi kansa ya ƙaryata wannan. Waɗanda suka fara tashi sun tashi ne da kuɗin da kamfanonin Turawa ke ba su tun kafin kaka don su sayo musu gyaɗa a ƙauyuka, wato da jarin wani. Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, sai hanya ta biyu ta buɗe, ta shigar da kaya Najeriya, wadda daga baya ta bunƙasa da atamfa da taba sigari. Manazarci Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa bincikensa kan waɗannan alhazai a 1986, ya nuna cewa ƙashin bayan harkar shi ne dangantakar uban gida da baransa. Yaro ya shigo yana ɗaukar kaya, a jarraba amanarsa da ɗan aike, a ba shi kaya bashi ya kai wata kasuwa, a haɗa shi da abokan hulɗa na Kano da Kwatanu, ranar da ya isa kuma a yi masa aure, a sallame shi da jari. Wannan ita ce babbar makarantar kasuwanci ta ƙasar Hausa, kuma ba ta ɗaukar ƴa mace.

Abin mamaki shi ne yarinya ta riga yaro shiga kasuwa. Tun tana shekara bakwai tire na kanta, ta iya canji, ta san mai biya da mai taurin bashi. Amma tallar ba ta kai ta ko'ina, illa ta raba ta da aji, kuma abin da aka tara ya tafi a kayan ɗaki. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an aurar da su kafin su cika 18. A shekarun da ɗan'uwanta ke koyon yadda ake cike takardar duwan, ita tana goyon na biyu. Idan ta koma sana'a, daga cikin gida za ta yi, ta hannun ƴarta, wadda ita ma za ta ɗauki tiren.

Ma'aikatan gwamnati su ne suka fi kowa sanin darajar wannan ƙaramar sana'a, ko da ba su cika faɗa a fili ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, a daidai lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba. Gidajen malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da yawa da ƙosan uwargida da adashinta suka ci tuwo. An yi godiya a cikin ɗaki. Da albashi ya daidaita, sai maigida ya koma kiran abin da ya ceci gidan da sunan “ƴar sana'ar mata”.

A shekarar da aka yi zanga-zangar Yamai, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara wani gwaji a ƙauyukan jahar Maraɗi, wanda aka raɗa wa suna Mata Masu Dubara. An ɗauki adashin da kowa ya sani aka yi masa gyara: mata su zuba kuɗi kowane mako a akwati mai makullai a hannun mutum daban-daban, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a raba uwa da riba. Tsarin ya yi nasarar da aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma mata da yawa da suka zama kansiloli can suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana. Wannan abin alfahari ne. Amma akwatin adashi yana da iyaka. Zai ba mace jikka ashirin ko hamsin ta sayi buhun gyaɗa. Ba zai ba ta miliyan goma ta sayi injin matsar mai ba. Fiye da shekara talatin ke nan ana yabon mata a tarurruka cewa sun fi maza biyan bashi, yabon kuwa bai sa an ƙara musu girman bashin ba.

Idan ta je banki, tambayar farko ita ce jingina, jinginar da ake so kuwa takardar fili ko ta gida. Dokar karkara ta 1993 ta ce duk ƴan ƙasa daidai suke wajen samun gona, ba bambancin jinsi, kuma shari'ar Musulunci ta yanka wa ƴa mace rabonta na gado. A aikace, musamman a kudancin Maraɗi inda ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, ƴan'uwa maza kan riƙe gonar da sunan kada ta fita daga gida, su sallami ƴar'uwa da ɗan abin hannu, ko su ce ta bari sai an gani. Mai banki zai ce shi kuɗin jama'a yake karewa. Yana da kyau a tuna masa cewa bankin BDRN, wanda ya durƙushe a 1990, basussukan da ba a biya ba ne suka kashe shi, kuma masu ƙuli-ƙuli ba su cikin waɗanda suka ci.

Akwai ma wani tarko a cikin doka wanda ƴan kasuwa da yawa ba su lura da shi ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ce matar ɗan kasuwa ko mijin ƴar kasuwa ba ya zama ɗan kasuwa a idon hukuma sai yana gudanar da tasa harka daban. Ma'ana, matar da ta shekara ashirin tana riƙe wa mijinta kanti da littafin lissafi, idan ya rasu ko ya sake ta, ba ta da rajista, ba ta da lambar haraji, ba ta da tarihi a banki. Ta fita kamar yadda ta shiga.

Cewa mata ba za su iya babbar harka ba, an riga an ba da amsa a cikin ƙasar nan. Zeinabou Maidah ta kafa kamfanin Niger-Lait a 1994, shekarar da kowa ke kuka da sefa, ta fara da ƙaramin aiki har madararta da yagurt ɗinta suka shiga shagunan manyan garuruwa. Fatchima Cissé ta kafa masana'antar STA a Yamai a 2001, wadda daga 2005 ta fara yin Plumpy'Nut, abincin gyaɗa da madara da ake ceton yara masu tamowa da shi. Gyaɗar nan dai ita ce wadda matan Tasawa da Matamai ke soyawa tun kakanni. Bambancin shi ne ilimi, da inji, da wanda ya yarda ya sa hannu. Can Lome ma, matan da ake kira Nana Benz sun mallaki cinikin atamfa shekaru da yawa ne saboda kamfanonin Turawa sun yarda su ba su kaya a kan sari, su kuma suka koya wa ƴaƴansu mata. Abin da aka yi wa alhazan Maraɗi da gyaɗa, shi aka yi musu da atamfa.

Hujjar da alhaji kan kawo a zaure ita ce: idan ya damƙa wa ƴarsa jari, gobe za ta yi aure dukiya ta koma gidan wani. Wannan magana ba ta da tushe a addinin da ake jingina ta gare shi, domin dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita sai da yardarta. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, da ake yawan ambata a irin wannan muhawara, fatauci take yi, ita ke ɗaukar maza aiki su kai mata kaya Sham. Ban da haka, kowa a Maraɗi da Damagaram ya san gidajen da suka yi suna, waɗanda suka watse shekaru kaɗan bayan rasuwar mai su, saboda an miƙa makulli ga ɗan da bai taɓa zama a kanti ba, alhali ga ƴa da ta karanta lissafin kuɗi a Yamai ko a Dakar tana zaune tana jiran ranar rabon gado.

Su ma mata akwai gyara a nasu gefen. Anko da gudunmawar biki suna cin jarin da ya kamata ya juya. Amma kafin a yi musu wa'azi, ya kamata a gane cewa matar da za a iya kora da kalma ɗaya, biki da zinariyar wuya su ne inshorarta. Ranar da take da takardar fili da sunanta, lissafinta zai sake.

Gyaran da ake bukata ba ya jiran sabon Taron Ƙasa. Tsarin ajiye amfanin gona a mangaza a karɓi bashi a kansa, wanda ƙungiyoyin manoma suka daɗe suna yi a ƙasar nan, ya nuna cewa buhu ma jingina ne. Littafin ƙungiyar da ta shekara goma ba ta ci bashi ba, shi ma ya cancanci banki ya duba shi. Kwamitocin filaye na gundumomi suna da ikon rubuta sunan mace a takarda idan an raba gado. Babban mai saye a ƙasar nan kuwa gwamnati ce: abincin makarantun kwana, kayan asibiti, ɗinkin kayan ma'aikata. Ma'aikacin da ke tsara takardar kwangila ya san cewa idan ya dunƙule odar wuri guda, ya ɗora sharaɗin lamunin banki mai nauyi, sannan baitulmali ya yi watanni bai biya ba, ya riga ya zaɓi wanda zai ci tun ba a buɗe ambulan ba. Zai iya raba odar gida-gida, yadda ƙungiyar matan da ke matsar mai a Gidan Rumji za ta iya neman kason makarantar da ke garinsu, kuma a biya ta kafin kakar gyaɗa ta gaba.