Jerin littattafai a hannun ɗalibi, ƙura a kan kanta

Duk shekara idan an koma karatu, malamin jami'a yakan miƙa wa ɗalibansa jerin littattafan da ya ce wajibi ne su karanta. Ɗalibi ya ɗauki takardar ya nufi ɗakin karatu. Abin da ya tarar tsohon bugu ne, abin da bai tarar ba kuwa sai a ce masa an rubuta takardar buƙata, ana jiran amsa. Jarabawa ba ta jira. Daga nan sai rumfar mai fotokopi a bakin hanya, inda ake kwafar kwafin wani kwafi har baƙaƙen su dushe.

Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa sun fi kowa sanin inda takardar nan take kwana. Malami ya rubuta, shugaban sashe ya sa hannu, ta je ɗakin karatu, ta wuce ofishin kuɗi. A nemi ƴan kasuwa su kawo farashi, mai binciken kuɗi ya duba ya buga hatimi, sannan a ba da oda. Ƙa'idar kuɗin gwamnati ita ce sai kaya sun iso ake biya. Mai shagon littattafai ke nan zai biya kamfanin Paris daga aljihunsa, ya biya dako, ya zauna jiran baitulmali. Wanda ya taɓa bin gwamnati bashi ya san tsawon wannan zama, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga wata matsalar: kasafin kuɗi yana farawa a Janairu, shekarar karatu kuwa a Oktoba ya kamata ta fara. Littafin da aka nema domin ƴan shekarar farko, in Allah ya sa ya zo, yakan tarar da su sun wuce aji.

Wani zai ce ai ilimi ba ya tsufa. Yana tsufa, kuma ƴan kasuwa ne ke biyan kuɗin tsufansa. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a 1993. Dokar kasuwanci ta bai ɗaya da aka kafa a 1997 an sake ta a 2010, ta kamfanoni an sake ta a 2014, tsarin lissafin kuɗi na SYSCOHADA kuma sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Ɗalibin shari'a ko na lissafi da ya yi karatunsa cikin bugun da ya girmi waɗannan gyare-gyare, dokar da ta mutu ya haddace. Shi ne gobe zai riƙe wa babban ɗan kasuwar Maraɗi littafin lissafi, shi zai zauna a ofishin haraji ya yanke wa na Tawa abin da zai biya. Na likitanci ba a ma maganarsa.

Hujjar farko ta mahukunta ita ce tsada, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun karyewar darajar sefa a Janairun 1994, littafin da ake saye jika 10 ya koma jika 20 cikin dare ɗaya. Yau littafin yuro 40 ya haura jika 26 tun kafin a yi maganar dako, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 jika 42 ne. To amma wannan lissafi shi ne ainihin dalilin kafa ɗakin karatu: abin da ɗan manomi ba ya iya saye shi kaɗai, hukuma ta saya ɗari su karanta. Kuɗin mota ƙirar ƙasaita guda ɗaya ta ofis ya isa ya cika kantoci da dama, kuma ba a taɓa jin an bar babban jami'i a ƙasa shekara biyu saboda takardar motarsa ta maƙale ba.

Hujja ta biyu ita ce intanet. Gaskiya ne tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI, wanda ke ba cibiyoyin ƙasashe matalauta mujallun likitanci kyauta. Sai dai mafi yawansu da Ingilishi suke, na masu zurfin bincike ne, kuma suna buƙatar lantarki da layi mai ƙarfi. Ɗan shekarar farko littafin koyo yake nema, wanda zai buɗe ya rufe, ba shafi 600 a fuskar wayar salula ba. Kyautar tsofaffin littattafai da ake jibgowa daga waje kuwa, sau da yawa sharar wani ce aka sauke a gidan wani: tana cika kanta, tana ƙawata rahoto, ba ta amsa jerin da malami ya rubuta.

Malaman ma ba su fita ba. Akwai mai kawo jerinsa bayan an fara darasi, akwai mai kwafo wanda aka ba shi lokacin da yake ɗalibi a Dakar ko Bordo, akwai kuma wanda rashin littafin ya yi wa daɗi domin takardunsa na polikopi suna da kasuwa. Ƙungiyar ɗalibai, wadda ta zubar da jini a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, an fi jin muryarta a kan alawus da abinci da motocin sufuri. Haƙƙinta ne. Amma littafi ma haƙƙi ne.

Abin takaici, jami'o'in nan sunayen marubuta suke ɗauke da su. Ta Yamai tun 1992 take amsa sunan Abdou Moumouni, wanda ya wallafa littafi sukutum kan ilimi a Afirka a 1964. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, mai tarihin sarautar Damagaram na 1971, ta Tawa kuma na Djibo Hamani, mai tarihin Adar na 1975. Waɗannan ba sai an jira jirgi daga Faransa ba. Izinin masu haƙƙi da ɗan kuɗin maɗaba'a kawai ake buƙata a sake buga su a gida, kowane ɗakin karatu ya samu kwafi masu yawa.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙasar nan ba. Malamai su miƙa jerinsu kafin damina ta sauka. A ware kuɗin littafi a layinsa na dabam cikin kasafin kowace jami'a, a hana karkatar da shi zuwa man mota ko kuɗin taro. Littafin da aji guda ke dogaro da shi a sayi kwafi da yawa, a riƙe wasu a ɗakin karatu ba a ba da aronsu. A ƙarshen shekara a liƙa takarda a ƙofa: ga abin da aka nema, ga abin da aka saya, ga ranar da ya iso, ga ofishin da sauran suka tsaya. Attajirin da ke son taimakawa shi ma ya karɓi wannan takarda ya saya daga cikinta, ya kai da hannunsa, ya karɓi rasit.