Kafin Mu Jona Na'urar Wasan Yara Da Intanet

Da yawa daga cikinmu mun saya wa 'ya'yanmu PlayStation ko Xbox ne domin su zauna a gida, su daina yawon shagunan gem. Niyya ce mai kyau, kuma wasan a kan kansa ba mu ce haramun ne ba. Sai dai ranar da aka jona na'urar da intanet, hukuncinta ya sauya, domin ta zama ƙofa a tsakiyar ɗaki, wadda baƙon da ba mu sani ba yake shigowa ta cikinta ya yi hira da yaro.

Abin da ya fi damun mu shi ne cinikin da ke ciki. A wasan ƙwallon EA Sports FC, wanda a da ake kira FIFA, ana biyan kuɗi a sayi ƙunshin 'yan wasa ba tare da sanin waɗanda za su fito ba. Wannan shi ne gararin da malaman fiƙihu suka hana a ciniki, kuma ɗan'uwan caca ne. A shekarar 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a a matsayin caca; ba ma daga mumbari aka faɗa ba.

Saboda haka uba ko uwa su buɗe asusun da hannunsu, su sanya na yaro a ƙarƙashinsa. A rufe hira da baƙi, a mayar da iyakar kashe kuɗi sifili, kada a bar lambar katin banki a ciki. Na'urorin suna da wurin ƙayyade lokaci; a saita shi wasa ya tsaya kafin kiran sallar Magariba.