A bar wa makiyayi hanyar zuwa mashaya

A Amurka da Turai akwai mutanen da suka mayar da mota gida, suna yawo da karnukansu daga wannan gari na bakin tabki zuwa wancan, garuruwan kuma suna tanadar musu masauki don sun san baƙon zai bar kuɗi. Mu ma a jihar Tawa muna da masu gida a tafiye tun kaka da kakanni: Fulani da Buzaye makiyaya, kayansu bisa jaki, garke a gaba, kare a gefe. Da damina suna arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, da kaka su gangaro Illela da Malbaza da Birnin Ƙwanni. Bambancin shi ne namu baƙin sau da yawa shinge suke tararwa tsakaninsu da ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Noman rani ya yi daraja, albasar Galmi ta kai har Abijan da Akara, don haka duk inda ruwa ya kwanta, daga madatsun Mozage da Zango a kan kogin Magiya har tabkin Ɗan Dutsi, lambu yana bin bakin ruwa yayin da ruwan ke janyewa. Babu wanda zai zargi manomi da neman abin kai wa bakin salati. Amma idan lambuna suka zagaye tabki kaf, aka kuma nome burtali, saniya mai ƙishirwa ba ta da wata hanya sai ta cikin shuka. Daga nan sai ɓarna, sai sanda, sai gawa. Wanda ya manta ya tuna rikicin manoma da makiyaya na Toda a jihar Maradi a 1991, da na Bangi a yankin Madawa a 2016. Abin takaici, doka ba ta bar wannan a duhu ba: kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce ƙaura da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Takarda ta wadata, aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Masu lambu za su ce su suka zuba kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, dare ɗaya kuma garke ya share wahalar wata uku. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya saki dabbobi cikin shuka da gangan ya biya diyya cif. Sai dai burtali buɗaɗɗe, mai turakun siminti da kowa ke gani, shi ne babbar kariyar lambun kansa, domin a nan ne za a bambance mai ganganci da wanda aka toshe wa hanya. Wasu kuma za su kawo zancen tsaro, ganin 'yan bindiga sun addabi bakin iyaka da Sakkwato. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma makiyayin da ke da sanannen masauki, wanda ruggansa, wato shugaban makiyaya, ya gabatar da shi ga maigari, ya fi sauƙin sani a kan wanda aka kora cikin daji. A masaukin ne kuma ma'aikatan dabbobi za su same shi, su yi wa shanu rigakafi, su yi wa karnuka allurar cutar hauka.

Garin ma ba asara yake yi ba. Garke yana barin taki a gona, nono a kasuwa, haraji a asusun magajin gari.

Saboda haka, kafin a sanar da ranar sakin gonaki ta bana, kantomomi da sarakuna da hukumomin Kofo na gundumomin Illela da Malbaza da Birnin Ƙwanni su zagaya kowane tabki tare da manoma da ruggage, su shata hanyar mashaya, su kafa mata alama, wanda ya nome ta kuma a hukunta shi kamar yadda ake hukunta mai ɓarna.