Sallar Nowel a gidajen renon yara na Faransa cikin shekarar korona

Kamar yadda aka sani, ƙarshen watan disamba lokaci ne na shagali a ƙasar Faransa. Gidajen renon yara, waɗanda Faransawa ke kira «kiresh», inda ma'aikata ke barin ƴaƴansu tun suna da wata biyu da rabi har su cika shekara 3, su ma suna da nasu rabon. Akan ƙawata itacen Nowel, a gayyato iyaye da marece, a ci kayan zaƙi, sa'an nan wani ya sa jajayen tufafi da farin gemu ya shigo da sunan Baba Nowel mai rabon tsaraba. A shekara ta 2020 wannan al'ada ta ci karo da dokokin kiwon lafiya da annobar korona ta haddasa.

An rufe gidajen reno da makarantu ran 16 ga watan maris na wannan shekara, aka sake buɗe su daga 11 ga watan mayu, bisa sharaɗin kada rukuni ɗaya ya wuce yara 10. Da cutar ta sake tasowa, shugaban ƙasa Emmanuel Macron ya sa kulle na biyu daga 30 ga watan oktoba, amma a wannan karo gwamnati ta bar gidajen reno a buɗe. Ran 15 ga disamba aka ɗage kullen, aka maye gurbinsa da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. An yafe daren 24 ga wata, ba a yafe na 31 ba. Firaminista Jean Castex kuma ya shawarci iyalai da kada manya su wuce mutum 6 a wurin cin abincin salla, ban da yara.

A cikin wannan hali, gidajen reno da yawa suka soke taron iyaye. Kowane rukunin yara ya yi nasa ɗan biki a ɗakinsa tare da masu renonsa, aka aika wa iyaye hotuna ta wayar salula. Baba Nowel ma aka tsai da shi bakin ƙofa. Wanda ke ganin an yi tsanani sai ya dubi abin da ya faru a garin Mol na ƙasar Beljik a farkon wannan wata: wani mutum ya shiga gidan kula da tsofaffi cikin shigar waliyyi Nikola domin ya faranta musu rai, daga baya awo ya nuna yana ɗauke da cutar, kuma sama da tsofaffi 20 suka rasu. Gaskiya ne korona ba ta cika kayar da ƙananan yara ba, amma yaron da ya kwana biyu a gidan reno shi ne zai hau cinyar kakarsa daren salla.

To, wa ya yi hasarar bikin? Yaro ɗan wata 18 bai san kwanan wata ba, kuma masu reno sun daɗe da sanin cewa da yawa daga cikin yaran kuka suke fashewa da shi in sun ga mai farin gemu. Abin ya yi kama da bikin suna: na jariri ne, amma manya ke cin ragon. Hasarar ta iyaye ce, kuma ba ƙarama ba ce, domin wannan marece na cikin ƴan lokutan da uwa ke zama ta yi hira da matar da ke riƙe mata ɗa tun safe har yamma, ta kuma san sauran iyaye. Ga baƙon da bai daɗe da zuwa ƙasar ba, wani lokaci nan ne farkon sabonsa da unguwa.

Abin da ya taɓa yaron kansa wani abu ne dabam, wato fuska. Tun watan satumba na 2020 aka wajabta wa masu reno sa takunkumin rufe baki da hanci ko suna tare da yara. Su yaran ba a sa musu, domin hukumar lafiya ta duniya OMS da UNICEF sun ce kada a tilasta shi ga ɗan shekara 5 zuwa ƙasa, Faransa kuma ta fara daga shekara 6. Amma jariri da ido yake koyon magana kamar yadda yake koyo da kunne: yana kallon leɓe, yana karanta murmushi, daga nan yake gane ko lafiya ko babu. Tun shekara ta 1975 masanin nan ɗan Amurka Edward Tronick ya nuna cewa in uwa ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci kaɗan, jaririnta yakan yi ta neman hankalinta, in ya rasa sai ya kau da kai ya shiga damuwa. Takunkumi bai kai wannan ba, tunda ido da murya suna nan, kuma da dare yaro na komawa ga fuskar iyayensa. Duk da haka awoyin da yake yi a gidan reno suna da yawa.

Abin mamaki, a cikin wannan watan na satumba ne kwamitin da likita Boris Cyrulnik ya jagoranta ya miƙa wa gwamnati rahotonsa kan kwana 1000 na farkon rayuwar yaro, wanda ke jaddada muhimmancin shaƙuwa tsakanin jariri da mai kula da shi. Hannun dama na karɓar rahoto, na hagu na rufe fuskar masu reno. A watan nuwamba asusun tallafin iyali na ƙasa, CNAF, ya ɗauki nauyin takunkumi dubu 500 masu leda a tsakiya, waɗanda ake ganin baki ta cikinsu, domin ma'aikatan gidajen reno. Dabara ce mai kyau, ko da yake ta zo a makare, kuma masu aiki da su sun koka da cewa tururin numfashi na dushe ledar.

Barin gidajen reno a buɗe shawara ce da ta dace, domin in ba su, malamar asibiti da mai tsaron kanti ba su da inda za su kai ƴaƴansu. Rage bikin ma ya dace. Inda aka yi sakaci shi ne an shafe makonni ana jayayya kan yawan kujerun da za a jera a teburin salla, maganar fuskar mai reno kuwa ba ta samu rabin wannan kulawa ba.

An fara allurar rigakafi a Faransa ran 27 ga disamba 2020, amma Nowel ta 2021 ta zo daidai da ɓullar nau'in Omikron, aka sake taƙaita taruka. Sai ran 14 ga maris 2022 aka ɗage wajabcin takunkumi a galibin wurare. Jaririn da aka kai reno cikin satumba 2020 yana ɗan wata uku, a ranar ya kusa cika shekara 2, ya yi Nowel biyu a hannun masu rufaffiyar fuska.