Dillalan filaye na Maraɗi: Hoto ba takarda ba ne

Kwanakin baya wani dillalin filaye da ya saba kawo mana talla a gidan rediyo ya tare ni yana murmushi, ya ce: "Malam, na kusa daina biyan ku kuɗin sanarwa, na buɗe shafina a intanet." Na yi masa barka, domin ba gaba nake yi da ci gaba ba. Wata shida bayan haka ya dawo da takardar tallarsa a hannu, muka zauna ya ba ni labari.

Da fari dai, mutanen gari ba su shiga shafin. Mai neman fili a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo yana hawa kabu-kabu ne ya je ya gani da idonsa, in ya matsu ya aiko saƙon murya ta WhatsApp. Masu leƙa shafin su ne ƴan uwanmu da ke bida a Abijan, Lome, Kwatano ko Libiya, waɗanda suka tara guminsu suna son su mallaki inda za su sa haƙarƙari in sun dawo gida. To a nan ne maganar ta dame ni, domin su ne ba su da halin taka filin kafin su turo kuɗi.

Hotunan da ya sa, wasu suka kwashe suna talla da su kamar nasu ne. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce hoton da aka ɗauka a watan Maris ba ya gaya maka abin da wurin yake zama a watan Agusta. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ce ta sa aka tayar da garin nan zuwa tudu, kuma kowa ya ga gidajen da ruwan damanar 2024 ya rusa. Amma har yanzu sai ka ga an ɗauki hoton rami mai cin ruwa an rubuta "wuri mai kyau, kusa da kwalta".

Sai batun iyaka. Gari ya faɗaɗa har ya kusa haɗewa da maƙwabtansa, dillali kuwa komai "Maraɗi" yake kira saboda sunan ya fi tsada. Alhali Tibiri tana cikin gundumar Gidan Runji, Jiratawa kuma cikin ta Madarunfa, kowace da magajin garinta. Filin da aka yi wa loti takardarsa ita ce acte de cession daga ofishin magajin garin da filin yake ƙasarsa. Gona kuwa, tun dokar tsarin karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa da ake kira Cofo, su ke ba da shaidar saye ko ta gado. Wanda ke Abijan ina zai san gonar gado ce ta mutum goma aka yanka masa, uku kawai suka yarda?

Ni a ganina, duk dillalin da zai sa fili a intanet, wajibi ne ya rubuta ƙaramar hukumar da filin yake, lambar loti da ta filin, faɗinsa da mita, irin takardar da ke hannu, da kuɗinsa a rubuce da sefa, ba "jikka kaza, sai mun yi magana" ba. La'adarsa ma ya faɗe ta a fili. Mai saye kuma ya tura ɗan uwa ofishin magajin gari a duba rajista kafin ko dala ta fita.

Abokin nawa ya bi wannan shawara. Da ya zauna tantancewa, sai ya tarar filaye da dama cikin waɗanda ya tallata ba shi da kwafin takardarsu, maganar baki ce kawai ta masu su. Ya sauke su daga shafin. Biyu daga cikin masu filayen sun yi fushi sun koma wurin wani dillali, kuma jiya na ga hoton ɗaya yana yawo a WhatsApp da sabon farashi.