Ɗa a nazare, uwa an tsayar da ita a aji uku

An koma makaranta, kuma duk wanda ya bi ta Malali ko Unguwar Rimi a Kaduna da safe ya ga Keke Napep cike da 'yan shekara uku, kowa da jakar da ta fi shi girma. Uba ya ci bashi ya biya kuɗin nazare don ɗa ya zama likita. Amma a wajen wani ɗaurin aure a Kawo, ranar Asabar, irin wannan uban na ji yana bugun ƙirji wai ya hana amaryarsa komawa aji huɗu na sakandare, "ai gida za ta zauna, me za ta yi da takarda?"

To, malam, antin nazare sa'a huɗu take riƙe da yaron. Sauran ashirin ɗin fa? Wa ke duba katin rigakafi ta gane ranar komawa asibiti? Wa ke karanta kwalbar magani ta bambance cokali ɗaya da rabi da tsakar dare, kai kana minshari? Wa ke haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama shi, maimakon a ce haƙori ne? Wa ke sa gyaɗa ko waken suya a kunun yaye? Kafin yaro ya cika shekara biyu an gama aza harsashin ƙwaƙwalwarsa, kuma a cinyar uwa ake aza shi, da hira da tatsuniya da amsa tambayoyinsa marasa ƙarewa.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da uwayensu ba su shiga aji ba, 170 ke rasuwa kafin shekara biyar. A wajen waɗanda suka wuce sakandare, 56. Tun 1979 wani masani, John Caldwell, ya gano irin wannan a binciken da ya yi a Ibadan. Za a ce talauci ne. Eh, da hannunsa a ciki, amma ban ga mai kuɗin nazare yana da wannan uzurin ba.

Kada kuma wani ya jawo mini addini. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, malamai mata da ake kira jaji ta tura ƙauyuka suna karantar da matan aure, har ta rasu a 1864. Kai ne ka fi Shehu kishi?

Gwamnati ma ba ta tsira ba. Mun sha surutu a 2017 da aka sallami malaman firamare sama da 21,000 a jihar Kaduna, amma ajin yaƙi da jahilci na matan aure a Rigasa da Badarawa da Hayin Banki, wa ya taɓa yin zanga-zanga a kansa? Islamiyyoyin dare cike suke da matan nan. A kai musu malamar lissafi da ta kiwon lafiya can, kwana biyu a mako, a biya su albashi a kan lokaci.