Kibod Mai Cin Sifili: A Binciki Na'ura Kafin a Zargi Yaron Shago

Yau filin namu zai ɗan ajiye maganar farashi da hanya, ya waiwayi abin da ke ƙarƙashin yatsunmu kullum, wato kibod ɗin laftof, allon madannan da muke buga lissafi da shi.

Kibod ɗin da ya mutu murus ba shi da wani haɗari. Ka danna bai rubuta ba, ka san matsayinka, ka nemi mafita. Wanda nake tsoro shi ne mai aiki yau ya ƙi gobe, mai rubuta sifili biyu a inda ka danna uku, ko ya ƙara maka bakwai a kan bakwai ba ka lura ba. Irin wannan ba ya tsayar da ciniki, sai dai ya ɓata daftari a ɓoye. Ranar da abin ya fito fili kuwa, babu mai kallon na'ura. Yaron shago ake kallo, ko ƙanen da aka bar wa amana, ko uwargida da ke shigar da lissafi da daddare.

Mu ɗauki misali kawai. Ka sayi riɗi kintari 40 a Singa ko Dindir, kintari ɗaya wajen kilo 45 ke nan, a ce kowanne a kan fam 150,000. Kuɗin ya kama fam 6,000,000. In kibod ya haɗiye sifili ɗaya, daftari zai ce 600,000. Mu a nan Sudan abin ya fi muni, domin bakinmu ma ba ya tafiya daidai da rubutunmu. Tun da aka canza kuɗi a 2007, sabon fam ɗaya ya zama dinari 100, wato tsohon fam 1,000, har yau a kasuwa mutum zai ce miliyan alhali fam dubu yake nufi, ya ce biliyan yana nufin miliyan. Ga kuma lambobin Larabci: sifilinsu ɗigo ne ɗan mitsitsi, biyar ɗinsu kuma da'ira ce mai kama da sifilin boko. To in baki yana ƙara sifili uku, ido yana rikita biyar da sifili, sannan kibod ya shiga cin nasa rabon, wa zai raba gardama?

Saboda haka kafin a ɗaga murya a gida, kafin kuma a kai na'ura wajen mai gyara, ga yadda nake bi, daki-daki, daga na banza zuwa na kuɗi.

Da farko ka kama ɓarawon da hannu. Buɗe Notepad, ka danna kowane madanni sau goma, layi-layi, kana ƙirgawa. Sannan ka rubuta 1000000 sau goma da irin saurin da ka saba. Ka rubuta a takarda waɗanda suka ƙi, da waɗanda suka maimaita kansu, da waɗanda suka fito da wani harafi daban. Wannan 'yar takardar ita ce rabin gyara, domin kowace alama da inda take nuni.

In harafin da ka danna daban, wanda ya fito daban, yawanci kibod lafiyarsa lau, harshe ne ya juya. Kusan duk laftof ɗin da ke Sinnar da Wad Madani akwai Larabci da Turanci a kansa, kuma Alt da Shift in aka danna su tare suna juya harshen, haka ma madannin Windows tare da dogon madannin tazara. Yaro na wasa sai ya juya shi bai sani ba. Wannan ne ya sa mutum zai yi ta buga kalmar sirri tana ƙi, yana rantsuwa bai manta ba, kuma gaskiyarsa ne, da Larabci take shiga. Dubi ƙasan allo kusa da agogo, za ka ga harshen da kake kai. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Injamena su kuma nasu daban ne: na'urorin tsarin Faransa sun musanya A da Q, da Z da W, sun kai M gefen L, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa sai an haɗa da Shift. In irin wannan na'urar ta faɗo hannunka ta Chadi, aka ɗora mata Windows na Turanci, abin da ke rubuce a kan madanni da abin da ke fitowa ba za su taɓa haɗuwa ba sai ka daidaita tsarin.

Sai Num Lock. A ƙananan laftof da yawa, in ya kunnu, U da I da O sai su koma 4 da 5 da 6, J da K da L su koma 1 da 2 da 3, M ya koma sifili. Fn tare da Num Lock ne ke mayar da su. A manyan laftof masu lambobi a gefen dama kuma, in ya mutu, lambobin sai su daina rubutu su koma yawo da kai cikin daftari, madannin ɗigo ya zama mai sharewa. Kana sauri a Excel, ido na kan buhu, sai ka goge kuɗin wani ba ka sani ba.

Akwai kuma wanda ya fi kowanne kama da aikin aljanu. A Windows, in aka riƙe Shift na dama daƙiƙa takwas, wani tsari mai suna Filter Keys yana kunnuwa. An yi shi ne domin masu rawar hannu, aikinsa ya yi watsi da dannawar da aka yi da sauri ko aka maimaita. Ka ga kuwa ɗan kasuwa ba abin da yake maimaitawa da sauri kamar sifili. Ɗan'uwansa Sticky Keys shi kuma danna Shift sau biyar a jere ke tashinsa. Ana kashe su duka a cikin saituna, sashen sauƙaƙa amfani, ƙarƙashin kibod. Wannan ba ya cin ko fam ɗaya.

In duk wannan lafiya, to a raba tsakanin manhaja da ƙarfe. Ari kibod na waje mai USB ka jona. In shi yana rubutu daidai, na jikin laftof ɗin ne ke da ciwo. In shi ma yana irin wannan halin, matsalar na cikin Windows, sai a sake kunna na'urar, in ta ƙi a cire direban kibod a Device Manager a sake kunnawa, zai mayar da kansa. In madanni ya ƙi a tsakiyar ciniki kuma babu na aro, Windows da Ctrl da O tare suna fito da kibod a kan allo, ka danna da linzami ka sallami mai kaya.

Ka kuma gwada abu biyu da mutane ke mantawa. Na ɗaya, zare caja ka yi rubutu da batir kaɗai. Yanzu yawancinmu a kan sola da inbata da janareta muke, kuma caja mara kyau ko wuta mara tsabta tana sa faifan linzami ya riƙa tsalle, rubutu ya koma wani layi, ka ɗauka kibod ne. Na biyu, kashe faifan linzamin gaba ɗaya ka gani, domin sau da yawa tafin hannunka ne ke goga shi.

Yanzu mu zo kan ƙarfen, inda ƙasarmu take da hannu. Duk wanda ya zauna tsakanin Jazira da Damazin ya san habub, guguwar ƙurar da ke tasowa gab da damina, wajen watan Mayu zuwa Yuli, ta mayar da rana dare. Bayan damina kuma ga ƙaiƙayin dawa da ƙurar riɗi a sito. Ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan almakashin roba da wata 'yar hula mai laushi da ke taɓa waya in an danna. Ƙwayar riɗi ɗaya ta isa ta hana hular sauka, ko ta hana ta tashi. Kada wani ya ce don namu na hannu ne, ɗan gwanjo. Kamfanin Apple da kansa, sirirın kibod ɗin da ya fito da shi a 2015 ƙura ta riƙa hana shi aiki, haruffa suna maƙalewa ko suna maimaituwa, har a 2018 ya buɗe gyara kyauta, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 ga masu ƙara a Amurka. In ƙurar ofisoshinsu ta yi haka, ina ga ta kasuwar Sinnar?

Sharar ba ta da wuya. Kashe na'urar, zare caja, karkata ta, ka ɗan bubbuga bayanta a hankali, ka bi tsakanin madannai da sabon buroshi mai laushi. In da ɗan famfon roba irin na masu gyaran waya, ka hura da shi. Ban da hurawa da baki, akwai yawu. Ban da injin mai faci, iskarsa ta yi ƙarfi, kuma takan zo da ruwa da mai. In madanni na danƙo, ɗan auduga da sifirit na masu gyaran waya ya isa. Fetur da kananzir da turare ba su da wurin zama a nan.

In kuma takardar gwajinka ta nuna madannai da yawa sun mutu tare, to ba datti ba ne. Madannan a jere suke kan wayoyi na tsaye da na kwance kamar saƙar tabarma, waya ɗaya ta yanke duk na kanta sun tafi. Wani lokaci faffaɗar igiyar da ta haɗa kibod da uwar na'ura ce ta sassauta, saboda girgizar mota a hanyar Gadarif ko Kosti. Mai gyara na gaskiya zai fara zare ta ya mayar kafin ya ce a sayi sabo.

Shayi kuwa, da jabana, da zoborodo, da abre na azumi, su ne manyan abokan gaba, ba don ruwan kaɗai ba, don sukarin. In ya zube, riƙe madannin wuta har ta mutu, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, kife ta a buɗe a kan tawul, a inuwa. Kada a kunna don a ga ko tana aiki, nan ne ake ƙona ta. Kada a shanya a rana, kada a binne a shinkafa. A bar ta aƙalla kwana biyu, sannan a kai a wanke ciki, domin ruwa zai bushe amma sukari yana nan yana cin waya.

Alama ɗaya ce ba a jinkiri da ita. In ka ga faifan linzami ya ɗago, ko madannan ƙasa sun yi tauri, ko laftof ba ta zama daidai a kan tebur, batir ne ya kumbura yana turo su daga ciki. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, ga na'ura a jone da caja yini guda. Batir mai kumburi yana iya kamawa da wuta. Kada a danne shi, kada a huda, kada a ci gaba da caji, kada a bar shi a ɗakin da yara ke kwana. A cire shi a wajen mai gyara.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, zuwa Suƙul Arabi na Khartum neman kayan gyara ya daina zama tafiyar safe a dawo da yamma, kaya kuma sun yi tsada. Don haka kafin ka aika a nemo maka, ɗauki hoton lambar samfurin da ke ƙasan na'urar ka tura, ka kuma tambaya ko kibod ɗin mai ciruwa ne shi kaɗai, domin sirara na zamani da yawa an liƙe shi da murfin sama, sai an canza su tare. In kuɗin ya yi yawa, kibod na waje ba abin kunya ba ne, yana iya ɗaukar shago shekaru. Kuma kada na'ura ta bar hannunka sai ka kwafe daftari a filash ko a waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Har zuwa lokacin da aka gyara, daftarin da aka buga da kibod mai shakka shi ma mai shakka ne. A sa waƙafi bayan kowace lamba uku. A bar Excel ya ninka kintari da farashi da kansa, maimakon buga jimla da hannu. Babban bashi a rubuta shi da lamba da kuma kalmomi. Kowane dare a gwada abin da aka shigar da ish'arin Bankak da ke waya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta yi maganar marubucin ya rubuta da adalci. Kakanninmu da suka baro Burmi bayan 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogin nan a 1906, da littattafan hannu suka zo. Malaman da ke kwafar irin waɗannan littattafai suna da al'adar muƙabala: ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin kwafi da ido. Abin da nake roƙo ke nan a yi a shago, Alhaji ya karanta takarda, yaro ko Hajiya na bin allo. Minti goma ne, amma yana tsare zumuncin shekaru.

Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.